Kwalabe Shida na Absalom

Mijina Absalom ya bar mini gida a Bekaji, da 'ya ɗaya a Faransa, da kwalabe shida a ƙasan firij. Gidan ina cikinsa. 'Yar, Hilda, shekara bakwai rabon da in taɓa jikinta. Kwalaben kuwa, da son raina ne da tuni na juye abin da ke ciki na zuba yaji.

Iri ne a cikinsu, wata ƙwaya mai santsi, launin ƙasa-ƙasa, ta ɗan fi riɗi girma. A takardun Absalom sunanta filaks. Da karan shukar ake saƙa yadin lilin, amma nasa irin na mai ne, ƙwayar ake matsewa. Abokinsa Bobboyi ya gaji da karya harshe ya raɗa mata riɗin Turawa, sunan kuwa ya bi ta har cikin gidanmu. Shukar ƙasashen sanyi ce. Mu kuwa a Yola muke, inda a watan Afrilu ko kujerar roba sai ka taɓa ta da hannu kafin ka zauna.

Absalom malamin gona ne. Tun muna jihar Gongola aka tura shi Gembu, can kan tsaunin Mambila, aka ba shi iri shida ya gwada a ga wanne zai karɓi ƙasar wurin. Shekara huɗu muka yi a can, shi yana jin daɗinsa, ni ina rawar ɗari. Ni 'yar Numan ce, a zafi aka haife ni, ban ga abin da ya haɗa ni da garin da ake kwana da safa ba. Idan lokacin fure ya yi, kowace safiya sai ya tsaya a bakin ƙofa da takalminsa na roba ya ce, "Magdalena, taso ki ga wani abu." Ni kuwa daga cikin bargo in ce, "Abin ba zai jira rana ta fito ba?" Sai ya yi murmushi ya ja ƙofa. Absalom ba mutum ne mai bayani ba. In ya gaya maka abu sau ɗaya ka ƙi, gobe ma zai sake faɗa da kalmomin jiya, ba ƙari ba ragi.

Da aka raba jiha a 1991, Mambila ta faɗa Taraba, mu aka maido mu Yola da tarkacenmu. Gwajin ya tsaya a tsakiya, ba wanda ya sake tambayar sa. Shi dai ya sauko da kwalabensa a aljihun kwat. Iri ba ya daɗewa a ajiye, mutuwa yake yi, don haka kowace Nuwamba, da sanyi ya fara shigowa, sai ya je fadamar Bobboyi a Namtari ya yi fangali shida, ya shuka, ya girbe kafin zafin Maris ya sauko, ya sake cika kwalaben. Kusan shekara talatin yana wannan. Ba a ci, ba a sayarwa, ba a ba shi lambar yabo. Ni ban taɓa zuwa ba. Wadda take zuwa ita ce Hilda, a bayan babur, ranar Asabar da sassafe, an naɗe ta da zanena. A can ta kwaso ciwon son gona. Ta yi karatun gona a Ngaundare, daga can Faransawa suka ɗauke ta, shi ke nan na zama uwar waya.

Aikinta a can, kamar yadda ta yi mini bayani sau ba adadi, shi ne zaɓa wa manoma irin da ya dace da su. Wai ba kowane filaks ne ke zama a kowace ƙasa ba. Akwai wanda ake shukawa kafin sanyi, ya kwana ƙarƙashin ƙanƙara bai mutu ba. Akwai wanda sai ƙanƙara ta narke. Wani yana son ƙasa mai laka da ke riƙe ruwa, wani in ka sa shi a can saiwarsa ruɓewa take yi. Wani dogo ne, iska kaɗan ta kwantar da shi, wani gajere amma mansa kaɗan. Ita ke zama ta duba ƙasar mutum da yanayin garinsa, ta ce masa ga naka. Nakan ce mata, "To ni wace ƙasa ce ta dace da ni, da kika bar ni a nan?" Sai ta ce, "Mama, kin fara ko."

Da Absalom ya rasu, shekara uku ke nan, takardun zamanta suna hannun hukuma ana sabunta su. In ta fito ba za ta koma ba. Ta waya ta ga an binne ubanta, wani ɗan ƙawata yana riƙe da wayar a bakin kabari. Bayan shekara guda Bobboyi ma ya bi abokinsa. Kwalaben suka zauna a firij tare da ragowar miya.

A watan Oktoba na bara ta kira ni da wata murya da na daɗe ban ji ba, muryar da take yi tana ƙarama idan ta ga an yanka kaza.

"Mama, irin Baba yana nan?"

"Yana nan yana cinye mini wuri."

"Kar ki taɓa shi. Ki saurare ni da kyau."

Ta ce a can bazararsu ta fara zafi fiye da da, irin da suka saba shukawa fure yake yi a makare, zafi ya riske shi, ƙwaya ta ƙi cika. Suna neman iri mai sauri, wanda zai yi fure ya gama kafin zafi. Sai ta tuna da na ubanta: shekara talatin yana tsere wa zafin Yola, duk wanda ya makara a cikinsa ya mutu tuntuni, masu saurin ne suka rage. Ta gaya wa manyanta. Sun ce in har irin yana da rai, kuma aka samu ranar da kowanne ya buɗe fure, kwamiti zai zauna a ƙarshen Janairu, su turo ta da takardun izini ta zo ta ɗauka da hannunta a watan Maris.

"Ki zo nan? Yola?"

"Mako uku, Mama."

Na zauna a bakin gado. Mako uku. Na riga na fara tunanin inda zan samo busasshen kifin Binuwai mai kyau.

"Amma ranar ita ce komai," in ji ta. "Da ita za a gane wanne ne mai saurin. Zan turo miki yadda za ki ja layi a littafi. Kowace rana ki duba ƙarfe bakwai na safe, ki rubuta abin da kika gani."

Na ce to. Abin da ya fi sauƙin fita daga bakina ke nan tun ina amarya.

Fadamar yanzu tana hannun Abba, ɗan Bobboyi na fari, ma'aikaci ne a sakatariya, mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, amma har yau in ya gan ni sai ya rusuna. Na same shi da maganar, bai bari na gama ba ya ce, "Mama, wurin Baba Absalom yana nan, ba mu taɓa sa komai a ciki ba." Ranar sha biyu ga Nuwamba muka yi fangali shida, muka kafa sanda a kan kowanne da lambarsa, kamar yadda lambobin suke a jikin kwalaben da rubutun Absalom mai kwanciya gefe. Abba ya ce shi kullum yana zuwa ban ruwa da la'asar, in ya tashi daga ofis, zai riƙa biyowa ta Bekaji ya ɗauke ni a motarsa.

To ga inda na yi abin da na yi. Tun da na yi ritaya nake koyarwa a wata makarantar firamare a unguwarmu, ana shiga bakwai da rabi. Asabar da safe akwai zumuntar mata ta coci, ni ce mai ba da waƙa. Lahadi coci. Namtari kuwa ba bayan gida ba ce. Ga mota a ƙofar gida ƙarfe huɗu, ga sanyin asuba da na tsana tun Gembu. Na ce a raina, fure ai fure ne. Furen kuɓewa, furen rama, furen bakin coci, wanne ne ya taɓa guduwa don an zo da yamma? Waɗannan Turawa da son sa wa komai ƙarfe. Sai na riƙa zuwa da la'asar, in buɗe littafi, a layin lokaci in rubuta bakwai na safe, tunda abin da aka ce a rubuta ke nan. Ban ɗauke shi ƙarya ba. Na ɗauke shi cike takarda.

Na ɗaya da na shida ba su tsiro ba, shekara uku a kwalba ta kashe su. Huɗun suka fito, siraran tsirrai masu ƙananan ganye, ba su da wani kwarjini. Da a gefen hanya na gan su da ciyawa zan ce. Amma ban san lokacin da na fara yi musu magana ba. In tsuguna in cire musu ciyawa da yatsu, in ce, "Ku dai ku yi abin da ya kawo ku." Abba yana can wajen injin ban ruwa yana yi kamar bai ji ba.

A gida na buɗe ɗakin Hilda na fitar da buhunan da na jibge a ciki. Na wanke labule. Na sa aka gyara fankar da ta yi shekara biyar ba ta juya ba, don Maris a Yola ba wasa ba ne ga wanda ya saba da ƙanƙara. Na gaya wa matan zumunta, su kuma suka gaya wa duk Jimeta. Har na fara gwada kunun gyaɗa ni kaɗai, don hannuna ya manta awon mutum biyu. Ina kewar yarinyar nan har cikin ƙashina. Ba muryarta nake nema ba, wannan ina samu. So nake in ga yadda take tauna abinci yanzu, in ga ko tana nan da ɗabi'arta ta zama a ƙasa ta jingina da ƙafata.

A farkon Janairu tsirran suka kai gwiwa, suka yi rassa a sama, kowane reshe da ɗan ƙullutu a kansa. Na aika hoto. Wayata tsohuwa ce, hotonta kamar an ɗauka ta cikin ruwa, amma Hilda ta gane. Ta ce, "Saura kwana biyu ko uku. Ki sa ido, Mama."

Na sa ido. Kwana uku, ba komai. Kwana biyar, ba komai. Kullum in zo in tarar da ƙullutun nan a rufe, wasu ma sun ƙara kumbura sun yi kamar ƙwayar wake, amma ba fure. A ƙasa kuwa, tsakanin tsirran, sai in ga wasu 'yan abubuwa a yamushe, toka-toka da ɗan shuɗi, rana ta ƙona su. Abba ya kunna inji, ruwa ya tafi da su. Na tambaye shi, ya ce shi bai sani ba, lokacin da su Baba ke wannan aiki yana makarantar kwana, daga baya kuma ofis ya cinye shi.

Na gaya wa Hilda furen zubewa yake yi tun bai buɗe ba.

Ta ce, "Da safen kike ganin haka?"

"Da safen."

"To zafi ne. Yana yi musu haka in rana ta yi yawa." Na ji muryar nan ta kaza ta fita daga bakinta. "Mu ƙara ba shi kwanaki. Wataƙila na huɗu ya yi. Baba yana yabon na huɗu."

Na ƙara ba shi kwanaki. Na yi addu'a a kansa, na yi masa faɗa, rana ɗaya har na ce wa fangali na huɗu mara kunya. Daga fitowar ƙullutun, layi goma sha tara na cike a littafin, kowanne da magana ɗaya: bakwai na safe, bai buɗe ba. Ranar Alhamis, ana saura kwana huɗu kwamiti ya zauna, Hilda ta kira ta ce gobe za ta miƙa rahoto cewa irin yana da rai amma ya kasa fure. Ta ce kar in damu, za ta nemi wata hanya, wataƙila baɗi, wataƙila hutun Kirsimeti. Na san wannan wataƙilar, shekara bakwai muna tare da ita. Da ta kashe wayar na shiga ɗakinta na kunna fankar da aka gyara, na zauna a ƙarƙashinta cikin sanyin Janairu kamar mara hankali.

Washegari Juma'a, da aka tashi makaranta, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Yola Gari wurin Adda Asta, matar marigayi Bobboyi, uwar Abba. Na je ne in yi mata godiyar wurin da suka ba ni, in kuma gaya mata Abba ya iya tuge abin ya sa alayyahu. Gidansu yana cikin lungunan nan na bayan kasuwa, sai ka bi zaure biyu kafin ka ga rana. Na same ta a kan tabarma tana tsince shinkafa, gwiwoyinta sun daina kai ta ko'ina. Adda Asta Bafulatana ce, Hausarta ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa kai ne a wurinta.

"Jam na, Malama? Ka ɓata. Yaya yarinya, yana zuwa?"

Na gaya mata komai, har da ƙullutun da suka ƙi buɗewa da abin da ke zubewa a ƙasa. Ta ajiye faifan.

"Wane lokaci kana zuwa gona?"

"Da la'asar, tare da Abba."

"La'asar." Ta dube ni ta saman ido. "Kullum?"

"Kullum."

Sai ta fara dariya, irin dariyar tsofaffi da ba ta da sauti, kafaɗu ne kawai ke motsi. Ni ban ga abin dariya ba, na kuma gaya mata haka.

"Yi haƙuri, Malama. Riɗin Turawa ba ya kai azahar. Rana ya fito, ya buɗe. Kafin a kira salla ya zube duka. Gobe wani sabo ya buɗe. Wannan da kana gani a ƙasa, furen safe ne ya gama aikinsa. Wannan mai kumburi kuma ba fure ba ne, 'ya'ya ne, iri yana ciki."

Na ji kamar an zare mini tabarmar da nake kai.

"Ni ina zuwa da Bobboyi ɗiban ganye da asuba, shekara da shekaru," in ji ta. "Mijinka yana tsaye a bakin fangali, hannu a baya, kamar mai jiran baƙo. Kullum ina tambaya, ina Malama? Ya ce yana zuwa, sanyi ne ba ya so." Ta ɗauki faifanta. "Ni na ɗauka ka zo ka gani tuntuni. Shekara talatin fa."

Ta sa aka kawo mini ruwa, ta bar ni na yi kukana, ba ta ce in yi haƙuri ba, abin da ya sa nake son matar ke nan.

Asabar, tun ana kiran sallar asuba na buga ƙofar Zadok, maƙwabcina mai keke. Ya fito yana murza ido, ya ce, "Mama, lafiya? Ba yau ne zumunta ba?" Na ce su ba da waƙarsu da kansu. Na sa rigar sanyin Absalom, wadda ya sauko da ita daga Gembu, na ɗaura zane biyu. Iskar hanya ta shiga kunnena ta fita ta haƙorana. Na tsani kowane taku na tafiyar nan, ba zan ɓoye ba.

Mun isa gari ya fara haske. Zadok ya tsaya a bakin hanya, na gangara ni kaɗai. Fangulan suna nan kore kamar kullum, raɓa ta jiƙa mini ƙafa. Na tsaya, na ce ko tsohuwar nan ta ruɗe ne. Rana ta ɗago ta bayan itatuwan mangwaro. Ban ga lokacin da furen farko ya buɗe ba. Na dai duba na huɗu na ga ɗigon shuɗi, na juya na ga wani, kafin in gyara mayafina fangalin ya rufe. Shuɗi mai haske, kamar farin yadi da aka sa wa bula daidai. Kowane fure ganye biyar, bai fi farcen babban yatsa ba, iska kaɗan sai duk su kaɗa tare. Na biyu da na biyar sun kusa gamawa, furensu jefi-jefi, sun cika da 'ya'ya. Na uku fari ne ashe. Shekara talatin yana cikin firij ɗina ban san fari ba ne.

Abin da mutumin nan yake kira na in gani ke nan. Na tsaya inda nake jin nan yake tsayawa, na ce, "Absalom, ga ni." Ban san me na zaci zai faru ba. Ƙudan zuma ne kawai suke ta aikinsu.

Na kira Hilda ta bidiyo. A wannan watan agogonmu ɗaya da nasu. Ta ɗauka tana cikin kicin, da kofi a hannu. Sai kawai na juya wayar.

Na ji kofin ya sauka a kan tebur.

"Mama, matso. Na huɗu ne wannan? Ɗaga hannunki kaɗan." Na matsa, na bi fangulan ɗaya bayan ɗaya. Tana ta kiran lambobinsu kamar sunayen 'yan ajinsu. Da ta sake magana, a hankali ta yi ta.

"Na riga na miƙa rahoton jiya. Amma sai Litinin za su zauna. In na rubuta musu yau cewa ya buɗe, da rana a hannuna, za su karɓa." Ta ɗan tsaya. "Yau ne ya fara buɗewa, Mama?"

Na juyo da wayar na dubi fuskarta. Ta rame kaɗan, ta yanke gashi ban sani ba. Yarinyar nan ta girma a bakin fangulan nan, ta kuma ga 'ya'yan da suka cika na biyu da na biyar yanzun nan da idonta, ko da hoton wayata ba shi da kyau. Ina jin ta sani. Ina jin kuma ita ma so take in ce e.

Kalma ɗaya ce. In na faɗe ta, a watan Maris tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafata. In na faɗe ta kuma, za ta ɗauki ranar ƙarya ta kai wa mutanen da suka yarda da ita, a rubuta cewa irin ubanta duk rana ɗaya yake buɗewa, kuma a makare, alhali wani a cikinsu ya riga saura da mako biyu ko fiye, ba wanda ya san ko wanne ne. Da sunanta za a rubuta, da na Absalom. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tashi cikin sanyi don kar ya kuskure rana ɗaya.

"Ba yau ba ne," na ce. "Ban san ranar ba. Hilda, ban taɓa zuwa da safe ba. Ko sau ɗaya. Da la'asar nake zuwa in rubuta bakwai."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sa hannu ta rufe bakinta, ta dubi wani wuri da ba na gani.

"Na ɗauka kin sani," in ji ta daga baya. "Shi ya sa ban gaya miki dalili ba. Na ɗauka Baba ya nuna miki."

"Ya yi ta kira na."

Ta gyaɗa kai. Ta goge ido da bayan hannu, yadda take yi tun tana 'yar firamare.

"To ba rana, ba za su turo ni ba. Zan gaya musu gaskiya: ya yi fure, ba a samu ranakun ba, za a sake. Ki bar shi ya bushe a tsaye. Ki girbe kowanne dabam, kowanne a kwalbarsa, kar su haɗu. A Nuwamba ki sake shukawa."

"Nuwamba."

"In an samu ranakun, Maris na baɗi."

Shekara guda cur na ƙara wa kaina, da hannuna, da biro ɗina.

"Kar ki kashe, Mama," in ji ta. "Ki juya wayar. Rabona da shi tun ina Ngaundare."

Na juya. Na zauna a kan kunyar fangali na riƙe mata wayar da hannu biyu har batir ya mutu. Ban tashi ba. Rana ta hau, na cire rigar Absalom na ɗora a cinya. Wajen sha ɗaya suka fara zubewa, ɗaya ɗaya, ba iska ba komai, sai ka ga ganyen ya saki ya sauka. Kafin in ji kiran azahar daga cikin gari fangulan sun koma kore, irin yadda na saba samun su.

Na buɗe littafin na ja layi a kan bakwai ɗin nan goma sha tara. A layi na ashirin na rubuta lokacin da na zo da gaske, da abin da na gani a kowace lamba. Ba wanda zai yi amfani da shi bana, amma hannuna yana bukatar koyo.

Zadok ya yi barcinsa ya tashi a cikin keke. Da muka kama hanya na ce masa gobe ma ya fito da asuba.

"Gobe Lahadi ce fa, Mama."

Na ce na sani.